Sandar Agogon Kiyari

A rumfar Kiyari, bayan Kasuwar Dole,
agogunan bango goma sha ɗaya ne,
kuma in bazara ta sauka Damagaram
goma daga cikinsu maƙaryata ne.
Rana ta gasa kwanon rufi,
sandunan lilonsu su yi miƙa kamar mai tashi daga barci,
lilo ya yi nauyin ƙafa,
la'asar ta wuce, su suna baya suna jan takalmi.

Na sha ɗayan ko a jikinsa.
Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya bar shi jingina
a kan jaka biyu, bai dawo ba.
Sandarsa fara-fara, ba ƙyalli, ba ado.
Duwatsun Birni kan yi zafin da ƙadangare ke ɗaga ƙafa,
ita tsawonta na asuba shi ne na azahar.
Ladanin unguwa da ita yake gyara agogon hannunsa.

Ina yarinya na tambayi kawuna dalili.
Ya ce: haƙuri gare ta, Tsahara, miƙo min man nan.

Shekara goma sha huɗu amsar ta ɗauka kafin ta iso ni,
a ɗakin gwaji, nesa da gida, hannuna cikin safar roba.
Baƙin ƙarfe ne da nikel,
talatin da shida cikin ɗari.
Ka ƙara, ka rage, alkawari ya warware.
Na yanki ɗan guntu irinsa, na goge har na ga idona a ciki,
na ɗiga masa ruwan da ke cin fuska,
na sa a madubin ƙara girma.
Sai ga gonakin hanyar Mirriya bayan girbi,
kowace da iyakarta, wata ta tura gwiwa cikin wata,
wasu da ratsi biyu miƙaƙƙu
kamar an ja kunya da igiya.

Ba haka ake haifarsa ba, renonsa ake.
A sa shi a wuta sai ya yi jan barkono,
a tsunduma shi a ruwa yana ihu
(na tuna kuɗin jarka a Garin Malam, na ji ciwon ruwan),
a mai da shi wuta mai sauƙi, awa guda, ya sauke abin da ya ƙulla a ciki,
sannan kwana biyu cur a ɗumin da ba ya tafasa shayi.
Wanda aka yi wa gaggawa
yakan yi shekaru yana motsi a ɓoye.

Abin da ban zata ba shi ne wannan:
yana jin zafin.
Zafi na tura 'ya'yan cikinsa su ware, kamar kowane ƙarfe,
amma maganaɗisun da ya kumbura shi tun farko
yana sacewa daidai gwargwado.
Wannan na hawa, wancan na sauka,
kokawa ce ba kayarwa,
mai kallo daga waje ya ce ba abin da ya faru.
Kuma yana da iyaka.
Wuce ta, maganaɗisu ya saki,
ya miƙe kamar ƙusar kowa.

Shekarar da Yagana ta rasu
kawu ya buɗe rumfa rana ta huɗu.
Mutane suka ce zuciyarsa dutse ce.
Ni ma na ce.

Bana na zo hutu, na zauna kan bencinsa,
na kwashe duk wannan na faɗa masa,
har da gonakin, har da iyakar.
Gilashi na manne a idonsa, bai ɗago ba.
Agogo goma suna gardama a bango.
Hantsakin ya tsaya cak a hannunsa,
tsawon lilo uku, ko huɗu.

Ya ce: to.
Miƙo min man nan.